Abin da Na Yanke a Gefen Littafin Yunusa

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya hore wa hannu aiki. Tsira da aminci su tabbata ga wanda muke zaune a maƙwabtakarsa. Bayan haka, samarin gidajenmu da aka haifa a nan Madina, waɗanda nake yi wa magana da Hausa suna mayar mini da Larabci, sun sha tsayawa a ƙofar shagona na Al-Azizya suna kallon hannuna, su ce, "Ya Ammi, ashe wannan ne tajlidin? Manne da kwali, khalas." Ban taɓa yi musu gardama ba, domin wanda ya tsaya a ƙofa manne da kwali yake gani. Amma shekarata arba'in da ɗoriya ina tajlidi, wato ɗaurin littafi, ido ya fara gajiya, don haka na ga ya dace in rubuta musu yadda aikin yake, da kuskuren da ya fi kowanne girma cikin waɗanda hannuna ya yi, ko Allah Ya sa wani ya tsira daga irinsa.

Aikin farko da aka damƙa mini mus'hafin wata tsohuwa ne mai sayar da gyaɗa a Uhudu. Na iso garin nan ina ɗan shekara ashirin da biyar daga wani ƙauye kusa da Magarya, a ƙasar Damagaram, bayan na yi shekaru a zaurukan Kano ina karatun fiƙihu da nahawu, ina zaton wanda ya san abin da ke cikin littafi ya san littafi. Wanda ya ɗauke ni aiki Usta Abdurrahim ne, Bahaushen Sudan daga Mai Wurno, Allah Ya jiƙansa, gajeren mutum mai kaurin yatsu da ƙarancin magana. Ya miƙo mini mus'hafin, bangonsa ya rabu da shi, ganyayensa sun hargitse, ya ce in jera su. Na jera su da hadda cikin yini guda, na kawo ina jiran yabo. Ya zaro ganye ɗaya, ya ɗaga shi ga hasken ƙofa, ya nuna mini inda babban yatsana ya bar maiƙo.

"A Kano malam ne kai," in ji shi. "A nan, je ka wanke hannu."

Wata shida bai bar ni na taɓa allura ba. Aikina dama manne ne da garin alkama, a kan wuta marar ƙarfi, ana jefa kanumfari kaɗan don kada ƙwari su bi shi. Idan ya yi kauri ya kumbura takarda, idan ya yi ruwa ya tsallaka ya lalata rubutu. Daga nan na koyi jan zare cikin kakin zuma, da huda gindin ganye da basilla, da ninke takarda da wani ƙashi mai santsi da Usta ya feƙe daga haƙarƙarin raƙumi. Na koyi kankare jar fatar akuya, irin wadda alhazan Sakkwato suke kawo mana, har ta yi laushi ta bi kusurwar bango ba tare da ta tattare ba. Na koyi makbas, wato matsin ƙarfe da littafi yake kwana a ciki, da sanin iyakar murɗa shi, domin littafin da aka matse fiye da kima shafukansa suna buga tawada a kan juna. Abu na ƙarshe da aka bar ni na riƙe shi ne doguwar wuƙar datse gefe, wadda Usta yake kira saifi, wato takobi. Sai da na shekara uku. Dalilinsa shi ne ɗinki ana warware shi, manne ana jiƙa shi ya saki, bango ana sauya shi, amma a shagon nan gaba ɗaya wannan wuƙa kaɗai ce aikinta ba ya gyaruwa.

Na tuna wani dattijo Bashanƙiɗe, daga Larabawan hamadar yamma, da ya kawo littafin fiƙihun kakansa, gefensa cike da hashiya, wato bayanin da malamai suke rubutawa a gefen shafi da ƙananan haruffa. Ya ƙi tafiya. Ya shimfiɗa mayafinsa kusa da wuƙar ya zauna tun hantsi har la'asar, yana jan carbi yana kallon hannun Usta. Na raɗa wa Usta cewa mutumin nan bai yarda da mu ba. Ya ce yana da gaskiya: abin da ke tsakiyar shafi akwai shi a gida dubu, abin da ke gefe kuwa a nan kaɗai yake a duniya. Na kawo wannan ne don ku san cewa abin da na aikata daga baya ba rashin sani ya sa ni ba.

Mugunyar shekara ta zo bayan rasuwar Usta da daɗewa, shagon yana hannuna a ƙarƙashin kafilin da na gada tare da makbas, wato ɗan ƙasar da ya tsaya mini nake zaune da sunansa. Aiki ya riga ya ragu, ɗalibai sun koma karatu a waya, littafin da ya yage ana jefar da shi a sayi sabo. Sai aka kama wani mutumin ƙasarmu a Aƙiƙ, mai ɗinkin fata, an ce an same shi yana rufe layu, aka kai shi inda ba mu sake ganinsa ba. Daga nan jami'ai suka bi shagunan duk wanda ke aiki da fata da takarda cikin mutanenmu. A wurina sun daɗe a kan wani tsohon rubutun hannu mai gidaje-gidaje, sai da na zaunar da su na nuna musu cewa jadawalin rabon gado ne, ba hatimi ba. Suka tafi, amma kafili ya kira ni ya ce shi ba ya son mushkila: idan aka sake tsayawa a ƙofar shagonsa, ko da a kan kuskure ne, ba zai sabunta mini iƙama, takardar izinin zama, ba. 'Ya'yana shida a nan aka haife su, babu wanda ya taɓa ganin Magarya.

A cikin wannan hali Alhaji Sabo, tela Bakano da shagonsa ke jikin nawa, ya shigo mini wata ranar Talata da hantsi, yana jaye da hannun wani mutum.

"Badamagare, ga baƙo na kawo maka. Na yi masa Hausa bai ji ba, na yi masa Larabci ya ji rabi. Baƙi ne wuluk kamar mu, amma wai daga bayan teku yake. Gwada masa Faransancin nan naku na masu cin fara."

"Bakano," na ce, "da ka iya wani harshe ban da na ciniki, da ka ji shi."

Mutumin ya kai shekara hamsin, mai faɗin kafaɗa da furfura a gemu. Sunan da ya ɗauka ranar da ya musulunta Yunusa ne. An kawo shi Madina tare da wasu limamai na ƙasashe masu nisa don su yi watanni suna koyon Larabci da tauhidi. Da Larabcinsa sabo da Faransancina na kasuwar Magarya muka fahimci juna, ni kuma ina juya wa Sabo.

Ya ce ƙasarsu tsibirai ce barjat a tsakiyar babban teku, gabas da Ostireliya, sunanta yanzu Vanuatu, Faransa da Ingila ne suka mulke ta a da. Na gaya masa mu ma mun san Turawan nan biyu: mahaifina haraji ya biya wa Faransa, ƙaninsa da ke tafiyar rabin yini kudu da mu ya biya wa Ingilishi. Ya girgiza kai.

"Ku an raba muku ƙasa aka ja layi. Mu ba a raba ba. Su biyun suka zauna a kanmu tare."

Ya lissafa mana: tuta biyu, 'yan sanda iri biyu, asibiti biyu, kurkuku biyu, makaranta iri biyu, kuɗi iri biyu. Kowane yanki yana da Di'o na Ingilishi da kumandan na Faransa, kowa da ofishinsa. Baƙon da ya sauka daga wata ƙasa ana ba shi lokaci ya zaɓi dokar wanda zai bi. Ɗan ƙasa kuwa ba na kowa ba ne, ba ɗan Ingila ba, ba ɗan Faransa ba. Idan zai fita waje sai an rubuta masa takarda manyan biyu sun sa hannu.

"To idan mutum ya yi sata wa ke ɗaure shi?" in ji Sabo.

"Tsofaffinmu sun ce idan ɗauri ya zama dole, ka roƙi Allah a kai ka na Faransa. Abincinsu ya fi daɗi."

Sabo ya buga cinya. "Ka ji, Badamagare? Duk inda Faransa ta taka, ciki mutane suke sa wa gaba."

Bayan an sha shayi Yunusa ya kwance wata leda ya fito da abin da ya kawo. Na ga littattafan da ruwa ya ci da yawa, amma wannan ya zama kamar tubali: ganyayensa sun manne gaba ɗaya, bangonsa ya tafi, gefensa ya yi baƙi da fumfuna. Ya ce na mahaifinsa ne. Mahaifin matuƙin jirgin ruwan rangadi ne, shi yake kai Di'o da kumandan tsibiri zuwa tsibiri, ɗaya a gaban jirgi ɗaya a baya. Littafin na dokokin mulkin haɗin gwiwa ne, shafin hagu da Faransanci, na dama da Ingilishi. Ɗaya daga cikin Turawan ya bar shi a jirgi lokacin da suke tattara kayansu, tsohon ya ajiye, ko da yake bai iya karatu ba. Wata guguwar teku ce ta yaye rufin gidansu ta jiƙa shi, shekaru da yawa ke nan ba a iya buɗe shi ba.

Sa'an nan ya faɗi abin da ya rataya a kansa. Akwai wata gonar kwakwa a bakin ruwa da wani Bafaranshe ya riƙe a zamanin Turawa. Da aka sami 'yanci, doka ta ce ƙasa ta koma hannun masu ita na asali. Gida biyu suke da'awarta, nasu da na ɗan'uwan kakansa, an daɗe ana ja. Kabarin mahaifinsa yana cikin gonar. Dattawan tsibirin sun yanke cewa za su zauna idan ya dawo daga Madina, su raba gardamar har abada. Shi kaɗai ya rage cikin 'ya'yan mahaifinsa maza, dangi kuma suna yi masa kallon wanda ya bar hanya.

"Littafin nan shi ne shaidata, Malam. Ina so in iya buɗe kowane shafi."

Na ga ya buɗe baki zai ƙara wani abu, ya dubi kantar mus'hafan da ke bayana, ya fasa. Ni kuwa na ɗauka dokar da aka buga a ciki ita ce shaidar, kamar yadda duk wanda ya tashi cikin littattafai zai ɗauka.

Raba ganyen da ya manne shi ne aiki mafi wuya a sana'ar nan. Ba a jiƙa littafin, ana sa shi ne ya sha danshi. Ana naɗe shi da ƙyalle mai ɗan laima, a rufe cikin akwati, a bar shi yini; sai a fito da shi a nemi kusurwar da ta yarda, a zura bakin ƙashi a hankali, ana tafiya faɗin ƙwayar shinkafa a kowane motsi. Idan takarda ta fara kuka, wato ka ji ƙaramin sautin yagewa, ka tsaya, ka mayar da shi akwati. Duk ganyen da ya fita a sa shi tsakanin takardu masu shan ruwa. A rana mai kyau nakan raba ganye huɗu. Littafin ya ci mini kwana arba'in.

A mako na biyu na fara ganin abin da ke gefe. Turawan sun bar fili mai faɗin yatsa uku a bakin kowane shafi, a cikin wannan fili wani ya yi zane da fensir mai launin shuni. Da farko layuka ne miƙaƙƙu da suka gitta juna suka yi gidaje, a tsaye da a kwance. Sa'an nan wani layi guda yana kewaya gidajen, yana shiga yana fita, yana naɗe kansa, babu inda ya yanke. Babu harafi, babu lamba. Na yi shekaru a Kano, na ga hatimi a hannun masu yinsa, na ga masu duba suna share rairayi da tafin hannu suna ja da yatsa. Abin da na gani a gefen nan ya yi kama da su biyun a haɗe. Na rufe shagon na kira Sabo.

Ya sa tabarau ya duba. "Tambaye shi mana."

"Sun tafi Makka umra da karatu, sai bayan wata guda da ɗoriya."

"To jira shi. Littafin gudu zai yi?"

"Idan aka shigo gobe aka same shi a kan teburina fa? Jadawalin gado ma da ƙyar na fita."

"Kai shi gidanka."

"In kai sihiri inda 'ya'yana suke kwana?"

"Kai dai malam ne," in ji Sabo, ya cire tabarau. "Ni tela ne. Amma ni ba na yanka yadin mutum sai yana tsaye."

Na kafa wa kaina hujja uku. Ta farko, gefen ya ruɓe da fumfuna, kuma datse ruɓaɓɓen gefe aikin mai ɗauri ne na yau da kullum. Ta biyu, mutumin ya musulunta, raba shi da kayan jahiliyyar iyayensa taimako ne a gare shi, kuma abin ƙi ana gusar da shi da hannu idan an sami iko. Ta uku ita ce iƙama. Na jera su a haka, amma da ta ukun aka fara.

Da na gama raba ganyen, na gyara yagaggun da siririyar takarda, na ɗinke su kashi kashi a kan igiya uku, na daidaita gindin, na sa a makbas. Ranar Alhamis bayan azahar na ɗaure littafin a ƙarƙashin wuƙa. Ƙa'idar datse gefe ita ce a ɗauki abin da bai fi kaurin farce ba. Ni na auna yatsa biyu. Abin da ya zubo na tattara shi cikin gwangwani, na kai bayan shago, na karanta ayoyin neman tsari, na ƙone shi, na zuba wa tokar ruwa. Sa'an nan na ɗauko fatar da na daɗe ina ɓoyo, mafi kyau da ta rage mini daga zamanin Usta, na yi wa littafin bango.

Yunusa ya dawo da aski sabo da robar zamzam da ya kawo mini. Da ya ga jan bangon ya riƙe shi da hannu biyu ya sa a goshi. Ya buɗe shafin farko, ya buɗe na biyu. Sai ya fara juyawa da sauri, yatsansa yana bin bakin takarda, har ya kai wani shafi kusa da ƙarshe inda aka buga tambarin gwamnatocin biyu gefe da gefe. A nan ya tsaya. A bakin shafin saura faɗin yatsa ɗaya na zanen, layukan suna tafiya su faɗa inda babu takarda.

"Malam, ina sauran?"

Na gaya masa gaskiya, har da gwangwanin. Bai ɗaga murya ba. Ya nemi wuri ya zauna a kan buhun kwali, littafin a cinyarsa, ya yi mini bayanin abin da ya kamata in nema tun farko. A tsibiransu ana zane da yatsa ɗaya a kan rairayi ko toka: a ja gidaje, sa'an nan a bi su da layi guda, ba a ɗaga yatsa sai an dawo inda aka fara. Wani zanen kunkuru ne, wani kwalekwale, wani labari ne da ake ba yara. Ya ce ba zai ɓoye mini ba, akwai waɗanda suka shafi bautar da, shi kuma ya bar su. Amma a yankinsu kowane gida yana da nasa zane, wanda uba yake koya wa ɗansa, kuma da shi dattawa suke gane wanda ya fito daga tsatson da ya fara saran wani daji. Shi an kai shi makarantar kwana ta 'yan mishan na Faransa yana ɗan shekara bakwai, hutu kaɗan yake zuwa gida. Mahaifinsa ya ga rairayi ba ya jiran yaro ya dawo, sai ya sayi fensir ya zuba duk abin da ya sani a gefen littafin Turawa. Na shafin tambarin shi ne na gidansu. Sau biyu aka nuna masa shi yana ƙarami.

"Dokar da ke tsakiya fa?" na tambaya.

"Wannan ta mutu ranar da aka sauke tutocinsu. Ba a rubuta sunan ubana a cikinta da kowane harshe ba."

"Don me ba ka faɗa mini ba?"

"Kunya na ji. Na zo Madina koyon tauhidi, in tsaya gaban malami in ce ga zanen kakannina? Na ce idan ya buɗu zan ɗauka in tafi, ba wanda ya sani." Ya ɗago kai. "Kai kuma don me ba ka tambaye ni ba?"



Saura kwana tara jirginsu ya tashi. Sabo ne ya ɗauki buhun shinkafa ya tafi kwarin Aƙiƙ ya ciko shi da rairayi, muka zuba a babban faranti a tsakiyar shagon. Kowace rana bayan la'asar Yunusa yakan zo ya durƙusa, ya share da tafin hannu, ya kwafi ragowar da ke bakin shafi, ya nemi cika sauran. A rana ta biyu Sabo ya tsaya a kansa da allin tela a hannu, ya daɗe yana kallo, sai ya kama wuyan rigata ya jawo aikin zaren da ke ƙirjinta.

"Dubi nan, Malam. Ai dagi ne. Layi ɗaya yana naɗe kansa, ni na ɗinka maka shi da hannuna, kana zuwa Harami da shi kowace Juma'a. Dagin mutane ka ƙone kana neman tsari."

Da idon Sabo aka ceto waɗansu. Zanen da ɓarinsa na dama yake daidai da na hagu, idan an sami kashi ɗaya ana iya fitar da sauran, kamar yadda tela yake ninka yadi ya yanka hannun riga biyu. Haka kunkurun ya dawo, da kwalekwalen, da wani tsuntsu. Yunusa ya yi dariya ranar da kunkurun ya cika, ya ce da wannan aka fara koya masa. Amma zanen gidansu ba ya ninkuwa. Layin yana fita daga bakin shafin a wuri ɗaya, akwai wurare biyu da zai iya dawowa, na sama da na ƙasa, kowanne kuma yana haifar da siffa dabam. Ya gwada ta sama, ya share. Ya gwada ta ƙasa, ya share. Ya ce duka biyun suna kama da abin da ya gani yana yaro. A rana ta tara ya karkaɗe hannunsa, ya naɗe littafin cikin ledarsa, ya yi mana sallama. Na roƙe shi gafara a bakin ƙofa, ya ce ya yafe tun ranar, kuma na gaskata shi.

Bayan wata uku, ina fitowa daga sallar asuba, wayata ta yi ƙara, Yunusa ne daga tsibirinsu. A can rana ta riga ta karkata. Ina jin hayaniyar mutane a bayansa da kukan zakara.

"Malam, dattawa suna zaune. Ɗan'uwana ya yi nasa zanen ya gama. Ni na durƙusa na kai inda wuƙarka ta bi, yatsana ya tsaya. Sun ce in sha ruwa in dawo, sau ɗaya za a bar ni in sake. Ba ƙorafi na kira in yi ba. Na tuna ne cewa bayan ubana babu wanda ya ga zanen nan cikakke sai kai. Kai ka raba shafin, ya kwana a gabanka. Layin nan, ta sama ya dawo ko ta ƙasa?"

Ina iya cewa ta sama. Ina iya cewa ta ƙasa. Ɗayansu daidai ne, kuma da ya karɓa daga bakina ya tafi da ƙarfin zuciya. Na tsaya a gefen hanya, masu fitowa daga masallaci suna ratsa ni.

"Yunusa, ban gani ba. Tun daga zane na uku ban ƙara duban ko ɗaya ba. Da na hango shunin fensir sai in rufe gefen da takarda, in kawar da kai, in yi aikina a tsakiya."

Na ji numfashinsa a wayar.

"Kwana arba'in," in ji shi.

"Kwana arba'in."

"To, Malam. A gaida Alhaji Sabo."

Gonar ta tafi ga ɗaya gidan. An bar masa izinin shiga ya share kabarin mahaifinsa sau ɗaya a shekara, bayan ya nemi yardar masu wurin. Wannan ba daga bakinsa na ji ba. Wani mutumin tsibiransu ne da ya zo aikin hajji bayan shekara biyu ya neme ni har Al-Azizya ya faɗa mini, ya kuma ajiye mini ƙunshi a kan tebur. Na tambaye shi ko akwai wasiƙa, ya ce babu; Yunusa ya ce kawai a mayar wa mai ɗaurin, shi ya san darajar aikin. Na kwance ledar. Littafin ya je ƙarshen duniya ya dawo, ya sha danshin teku damina biyu. Na duba gindinsa, na duba kusurwoyinsa, na buɗe shi na girgiza. Ko zare ɗaya bai saki ba.